Mita Huɗu Daga Rijiya

Masu turo mini saƙo suna tambaya ko na amsa wa Mas Kuswadi, ku ɗan yi haƙuri da ni. Wata har cewa ta yi yanga nake yi masa. 'Yar uwa, macen da ake zawarcinta da motar yashe masai, wace yanga ta rage mata? Ku bari in ba ku labarin makon sadakar kwana dubu kamar yadda nake tuna shi, daga nan kowacce ta yanke mini hukuncin da ta ga dama. Firamare kawai na gama, da babban yatsa nake rubutun nan a waya, inda na karkace ku miƙe da kanku.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Darsih, shekarata talatin da ɗaya, a wani ƙauye nake kudu da garin Kebumen. Mas, Yu da Bu da za ku riƙa gani gaban suna kiran girmamawa ne a wurinmu, kamar yaya ko malama. Mijina Mas Sarwo magini ne. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi sau uku, a na ukun bai tashi ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, gidan da ya gina mana kuma a filin mahaifinsu yake. Don haka tun ranar sadakar arba'in dangi suka tsayar da magana: da an yi ta kwana dubu, an ɗora dutse a kabarinsa, sai a sayar da gida kowa ya ɗauki rabonsa, ni in koma wurin Mak, mahaifiyata. Yayarsa Yu Mirah ce ke riƙe da maganar. Ita ta goye shi tun da uwarsu ta rasu, har gobe in za ta ambace shi “yaron nan” take cewa.

Mas Sarwo bai bar gona ba, bai bar saniya ba. Suna ya bari. Duk wanda ya san shi, in an ambace shi abu ɗaya yake fara faɗa: in Sarwo ya haƙa maka ramin masai, ba ya cika. Shi ma da bakinsa yake faɗa a wurin biki, yana tauna tempe na waken soya, mutane suna dariya. Wasu mazan da babur suke alfahari, wasu da tsuntsun da ke musu kuka a keji, nawa da wannan yake yi. Ni kuma ina gefe ina jin daɗi, don na ga ana girmama shi. Tun da ya rasu, sunan nan nake rufa da shi in na ji sanyi.

Saura mako uku sadaka aka samu mai saye. Bu Hesti ce, ungozomar da aka turo asibitin yankinmu. Ta zo a kan babur, farin hijabi, farin takalmi, ta cire shi a bakin ƙofa ta jera kamar za a ɗauke shi hoto. Ta ce falon gaba za ta raba biyu ta yi ɗakin karɓar haihuwa, matan ƙauye su huta da hawa babur da naƙuda. Komai ya yi mata: koren tayil na kicin, tagogin katako, rijiyar da ke bakin ƙofar baya. Muna cikin shan shayi ta tambayi inda ramin masai yake, da yaushe rabon da a yashe shi.

Yu Mirah ta gyara zama, don an zo inda take so. Ta ce shekara goma sha biyu ko sau ɗaya ba a taɓa yashe shi ba, aikin ƙaninta ne. Ta jira dariyar da aka saba yi. Bu Hesti ba ta yi ba. Kofi ta ajiye, ta ce kafin ta sa hannu tana so mai aikin ya zo ya buɗe ramin, ya auna tsakaninsa da rijiya, ya rubuta mata a takarda, don ba za a ba ta izinin karɓar haihuwa a gidan ba sai da ita. Mita goma ko fiye, in ji ta. Yu Mirah ta nuna mata bututun shan iska da ke tsaye can gindin ayaba a ƙarshen fili, ta ce wannan ai ko ba a auna ba ya wuce goma.

Ni kuwa na miƙe. Kofuna na tattara.

Mai aikin kuwa a duk yankinmu mutum ɗaya ne, lambarsa na manne a kowace falwaya daga kasuwa har bakin teku, wato Mas Kuswadi. Aji biyu ya ba ni a firamare. Matarsa ta tafi aiki Taiwan shekara bakwai da suka wuce, takardar rabuwa ce ta dawo a madadinta. Tun da na fita takaba yake turo mini saƙo kowace safiya, hoton fure, a ƙasa ya rubuta, “Dik Darsih, ƙanwata, an tashi lafiya? Kar a manta da karin kumallo.” Hoton da ke kan lambarsa ba fuskarsa ba ce, motar ce, shuɗiya, an wanke ta tas. Ni kuma in amsa da “lafiya lau, Mas,” shi ke nan. Haka muka yi kwana ɗari takwas da ɗoriya.

Mak tana son sa. Ta ce sana'arsa ba ruwanta da rani ko damina muddin mutane na cin abinci. Yu Mirah kuwa a da, in an ambaci sunansa, gefen hijabi take kaiwa hanci. Amma ranar Lahadi da la'asar sai ga ta da leda: rigarta mai ruwan hoda wadda ta sa a bikin 'yarta, da jan baki sabo dal. Ta ce in sa gobe in zai zo, in ba shi shayi a kofin baƙi, in ɗan saki fuska, don namiji in yana son mace ba ya tsananta bincike a gidanta. Na ce mata Yu, ƙaninki fa shi ne mijina. Ta ce ta sani, ai ba aure ta ce in yi ba, murmushi ta ce.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa na tattara kofuna.

Lokacin da muke ginin ina amarya 'yar shekara sha tara. Can gindin ayaba Mas Sarwo ya fara haƙa. Bai kai gwiwa ba ya tarar da dutse a shimfiɗe kamar tabarma. Kwana biyu yana fama har ya karya diga. Sai ya dawo kusa da gida inda ƙasa ke da laushi ya haƙa a nan, ni ke kwashe ƙasar a bokiti. Ya jera bulo a gefe-gefe, gindin ya bar shi ƙasa zalla ba daɓe, ya ce haka ake yi in ana so rami ya yi numfashi. Da aka ce duba-gari zai zagayo, sai ya yanko bututu ya kafa a ramin farko ya mayar da ƙasa. Duba-gari ya zo, ya auna da taku, ya sha shayi, ya yaba. Bayan shekara biyu muka faɗaɗa kicin ya hau kan ramin gaskiya, aka shimfiɗa koren tayil. Ni na zaɓi launin.

Wallahi ban ɗauke shi ƙarya ba. A zatona mita goman nan saboda wari ne, mu kuwa ba mu taɓa jin wari ba. Na ɗauka mijina ya fi masu dokar wayo ne kawai.

Ranar Litinin na sa rigar, kar ku tambaye ni dalili. Jan bakin na shafa na goge, ya bar alama. Ƙarfe takwas Mas Kuswadi ya iso, ya ajiye motar can nesa da ƙofa don kar maƙwabta su samu abin faɗa, kamar akwai wanda bai san ta ba. Takalmin roba har gwiwa, rodi a hannu, tef ɗin awo a ƙugu. Ya ga rigar ya sunkuyar da kai, sai ka ce shi ne bazawarar. Na nuna masa gindin ayaba da haɓa, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Ya caka rodi nan, ya caka can, duk inda ya caka dutse ke amsa masa. Ya goge gumi. Daga nan ya kama bututun ya ɗan girgiza, sai ga shi ya fito a hannunsa kamar an tuge rogo. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, gindinsa cike da gidan tururuwa. Ya tsaya yana kallonsa. Ni ma ina kallo. Sai ya mayar da shi a hankali, ya tattaka ƙasar da ƙafa, har da gyara masa tsayuwa don kar ya karkace.

Bai tambaye ni komai ba. Izinin shiga ya nema, ya cire takalmi, ya je ƙofar banɗaki ya duba inda gangara ta nufa, ya biyo ta yana ƙwanƙwasa tayil da gindin rodi, ɗaya bayan ɗaya. Duka suna amsawa gau-gau, har ya zo gaban teburin da nake yanka albasa. Nan ƙarar ta canza, ta koma kamar ganga. Ya zaro tef ya miƙo mini bakin, ya ce in taka a nan. Ya ja ya fita ta ƙofar baya har bakin rijiya. Bai yi nisan da zan ɗaga murya ba. Na tambaye shi nawa, ya ce huɗu da 'yan kai.

Na ce ai ba ya wari, Mas, kuma shekara goma sha biyu bai cika ba. Da alfahari na faɗa, yadda na saba ji ana faɗa.

Ya naɗe tef ɗinsa tukuna, sannan ya ce, “Dik, abin da ya shiga cikinsa shekara goma sha biyu, ina kike zaton ya tafi?”

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai tsoron kar maganar ta fashe a hannunsa. Ya ce rami mai kyau cika yake yi, shi ya sa shi yake da abin yi. Wanda ba ya cika tsiyaya yake ta ƙasa, ruwan ya bi jijiyar ƙasa ya nemi inda ya fi zurfi. Bai kalli rijiyar ba da yake faɗar haka. Ni na kalle ta.

Na ce masa taifot ne ya kashe Mas Sarwo. Ya ce ya sani, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya ce shi ba likita ba ne, kuma ciwon nan ko a abincin bakin hanya ana ɗaukarsa, kar in ɗora wa kaina abin da ban tabbatar ba. Na kawo masa shayi a kofin baƙi kamar yadda aka umarce ni. Murmushin ne ban samu ba.

Bayan ya tafi na zauna a kan tayil ɗin nan da rigar ruwan hoda. Ni tun ina yarinya cikina ba ya son ɗanyen ruwa, kullum tafasawa nake. Mas Sarwo kuwa in ya dawo daga aiki, kafin ya cire hula zai jefa guga ya kafa kai, ya ce duk ƙauyen nan ba ruwa mai daɗin namu, tafasasshe ɗanɗanon tukunya gare shi. “Matar birni” yake kirana. A ciwonsa na ƙarshe, jikinsa kamar garwashi, ya ture kofin da na kawo ya ce in taimake shi da na rijiya mai sanyi. Na je na ɗebo. Na tallafi kansa na ba shi, ya sha ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya yi mini albarka. Ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba. Duk kwana dubun nan, in na tuna ciwonsa, da wannan nake rarrashin kaina, cewa ko ba komai na ba shi abin da yake so.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Wannan karon ba fure.

“Dik, zan rubuta mita goma sha ɗaya. Daga bututun na auna, haka tef ya nuna. Ban taɓa yi wa kowa haka ba tun da na fara aiki. Sunan marigayi zai zauna yadda yake. Ba sai kin ce komai ba.”

A ƙasa ya sa hoton zuciya, ya goge, ya sake sawa. Ina gani. Wasu matan zobe ake kai musu, wasu sarƙa, ni mita bakwai aka ba ni kyauta. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na kai minti goma ina jin daɗi, har na rubuta “na gode, Mas,” ban dai tura ba.

Washegari na je gidan Yu Mirah na same ta tana tsince shinkafar sadaka. Na faɗa mata komai, daga digar da ta karye har saƙon. Na zaci za ta yi faɗa. Hannunta kawai ya tsaya a cikin faifai. Da ta buɗe baki ba maganar ciniki ta yi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, don da ita ta yi da na samu abin rainawa.

“Jibi mutum saba'in za su zauna a falon nan su yi wa yaron nan addu'a,” in ji ta. “Kina so su ɗaga hannu suna tunanin masai? Abu ɗaya ya bari a duniya, Darsih. Ko ɗa bai bari ba.”

Ta ce Bu Hesti mai ilimi ce, irinsu ko ruwan alwala tafasawa suke. Ta ce mutumin nan ya yi mana sutura, in karɓa in yi shiru. Da na koma gida na kira Mak, ita ma haka ta ce, ta ƙara da cewa namijin da zai yi ƙarya dominki tun kafin aure, riƙe shi ake yi da hannu biyu. Na tambaye ta, to bayan auren fa, domin wa zai yi? Ta ce kuɗin wayarta ya kusa ƙarewa.

Ranar Laraba matan unguwa suka cika gidan don aikin abincin sadaka, kowacce da wuƙarta a naɗe a tsumma. Mu goma sha biyar ne ko sha shida. Wasu na kankare kwakwa, wasu na goge ganyen ayaba, wasu na jera kwandunan da maza za su tafi da su gida bayan addu'a. Kaji ashirin aka yanka. Ni kuwa tun safe nake ta kai-kawo tsakanin murhu da rijiya, duk ruwan da aka ɗebo sai na tare shi na ɗora a wuta, har na wanke kokwamba. Suka yi ta yi mini tsiya. Wata ta ce tun ba a ɗaura ba na fara tsabtar matar mai mota. Wata ta ce a'a, ai sai an tara tsabta da yawa kafin a shiga gidan, don can tsabtar za ta ƙare. Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

Wajen ƙarfe goma Mas Kuswadi ya yi sallama. Rigar batik mai dogon hannu, ruwan ƙasa da zane baƙi, an goge ta har tana ɗaukar ido, turare kuwa ya riga shi shigowa. Farar ambulan a hannu. Matan suka yi tsit irin na mugunta, ana taɓa juna da gwiwar hannu. Yu Mirah da kanta ta jawo masa kujera, ta kira shi Mas Kus, ta ce a kawo masa cinyar kaza.

Bai kai ga zama ba Bu Hesti ta iso karɓar takarda. Ta gaisa da kowa, ta tambayi wata jikin ƙafarta, ta tambayi wata ko yarinya ta fara cin abinci. Rabin matan nan ta riga ta san cikinsu. Ta shigo kicin tana dubawa kamar gidan ya zama nata, ta zo daidai gaban teburin albasa ta tsaya. Ta ce a nan za ta sa bahon wankan jarirai, ga haske, ga ruwa kusa, ba sai an yi ta jigila ba. Ta ce ta lissafa, kafin azumi mata huɗu za su haihu a layin nan kaɗai. Sannan ta miƙa hannu wajen ambulan.

Ban shirya komai ba, kar wata ta ce jarumta na yi. Dutsen niƙa yaji ne a hannuna. Na durƙusa na buga tayil ɗin da ke gefen ƙafarta sau biyu, ya amsa yadda ya amsa ranar Litinin.

“Bu, ramin ba ya gindin ayaba,” na ce. “Ga shi nan kina tsaye a kansa. Mita huɗu ne zuwa rijiya, gindinsa ba daɓe. Ni na kwashe ƙasarsa.”

Ta ɗan ja baya, ta kalli ƙasa, ta kalli ƙofar baya. Sannan ta juya wajen Mas Kuswadi ta tambaye shi, to me ke cikin ambulan ɗin?

Nan na zuba masa ido. Masu tambayata ko ina son sa, a wannan minti ɗin ni ma nake jiran in ji. Yana iya cewa bai sani ba, bututu aka nuna masa ya auna, ba wanda zai ƙaryata shi sai ni. Ya juya ambulan ɗin a hannu, gumi ya jiƙa wuyan rigar.

“Sha ɗaya na rubuta, Bu,” ya ce. “Daga inda bai kamata ba na auna, kuma ina sane.”

Ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. Bu Hesti ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce za ta yi tunani a kan gidan, in an cike wannan an haƙa wani a inda ya dace wataƙila a sake magana, amma daga yau kar wanda ya ƙara shan ruwan rijiyar nan ɗanye. Yadda take gaya wa mai ciki ta rage gishiri, haka ta faɗe shi.

Ba wadda ta yi motsi. Man da ke kan wuta kaɗai ke ƙara. Can sai Bu Rasmi, maƙwabciyarmu ta gida na uku, wadda 'yarta ta kwanta asibiti sau biyu bara, ta ajiye kwakwar da take kankarewa. Mace ce mai sanyin magana, ko a taro ba a jin ta.

“Darsih,” ta ce, “namu ma shi ya haƙa.”

Na ce na sani. Wata a bayanta ta ajiye wuƙa. Wata ta ce nasu shekara takwas bai cika ba, jiya-jiyan nan mijinta ke yabon marigayi. Ba ta ƙarasa maganar ba. Suka zuba mini ido dukansu, matan da suka zo da wuƙaƙensu tun safe don su dafa wa mijina abincin sadaka. Na san gidajen duka, don duk inda yake aiki ni ke kai masa abincin rana a kwano mai hawa uku. Ban san wanne ya yi wa daɓe wanne bai yi ba, ban san wanne ke kusa da rijiya ba. A lokacin ba abin da nake kallo ke nan ba. Shi nake kallo yana cin abinci.

Na ce da Mas Kuswadi ya ɗauko rodinsa da tef. Ya ce suna mota. Ya fara naɗe hannun rigar batik ɗin, ya tambaye ni gida nawa ne. Na ce goma sha bakwai. Sai ya cire agogo ya sa a aljihu tare da ambulan.

Yu Mirah na zaune a kan 'yar kujera, faifai a cinya, tun da na buga tayil ba ta ɗago ba. Sai da na ɗauki hijabina ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce gobe da safe za a ɗora dutse a kabarin yaron nan. In na fita ƙofar nan da mutumin nan da ƙarfen nan, na bi gida-gida ina tone masa asiri ana gobe sadakarsa, to kar ta gan ni a maƙabarta.

Na tsaya da hijabi a hannu. Kwana dubu nake jiran dutsen nan. Ni na zaɓi rubutun da za a sassaƙa a kai, sau uku ina zuwa wurin mai sassaƙa don ya gyara harafi ɗaya. Na so in ce mata wani abu mai nauyi, irin wanda masu ilimi ke faɗa, ban samu ba. Abin da na sani kawai na faɗa.

“Yu, naki ma yana cikin sha bakwai ɗin. Shekarar da aka yi bikin 'yarki ya haƙa. Miyar ɗan itacen nangka na kai masa ranar.”

Na sa hijabi na fita. Bu Rasmi na gaba, ni a tsakiya, Mas Kuswadi a baya da rodi a kafaɗa da takalminsa na fita unguwa. Rana ta take. Mun kusa kwanar masallaci na ji an kira sunana. Na juya. Yu Mirah ce tsaye a bakin ƙofar gidana, ba takalmi, ƙwayoyin shinkafa manne a zaninta.

“Ku fara da nawa,” ta ce. “Jikokina suna can.”

Na ce to, Yu.

“Amma goben kar ki zo.”